Yadda ake ƙwato kuɗin da banki ya yanka ba bisa ƙa'ida ba a Damagaram

Mafi yawan kuɗin da banki ke yanka wa mutum ba bisa ƙa'ida ba ƙanana ne: dala ɗari nan, jika ɗaya can, jika biyu da rabi a ƙarshen kowane wata uku. Ƙanƙantar tasu ce ke ba su kariya. Malamin makarantar da ya taso daga Mirya ko Magarya, ya sha layi a bakin gishe tun hantsi, idan ya ga albashinsa ya gaza da jika biyu ba shi da ƙarfin tsayawa gardama. Sai ya ce Allah ya isa, ya nufi tasha. Alhali shi ɗin nan ba zai yarda a tauye masa tiyar gero a Kasuwar Dole ba. Jika biyu a wata kuwa, a shekara biyar jika ɗari da ashirin ke nan.

Akwai doka a kan wannan yanke-yanke, kuma ana mayar da kuɗi. Sai dai banki ba ya jin murya, takarda yake ji, kuma ba duk abin da ya yi maka ciwo ne doka ta hana ba. Akwai yankan da aka haramta kai tsaye, akwai wanda ba ka sa hannu a kansa ba ko aka yi kuskure a lissafinsa, akwai kuma wanda ya halatta ko da yana da zafi. Wanda ya rarrabe su shi ke samun kuɗinsa. Wanda ya cusa su duka cikin ƙorafi ɗaya, banki zai zaɓi mafi rauni ya amsa masa, ya yi shiru a kan sauran.

Dokar ba daga Yamai kaɗai take fitowa ba. Bankunan Nijar suna ƙarƙashin BCEAO, babban bankin ƙasashe takwas masu kashe sefa a yammacin Afirka, mai hedikwata a Dakar, da kuma hukumar sa ido kan bankuna, Commission Bancaire, da ke Abijan. Wasu na zaton tunda Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025 waɗannan ƙa'idoji sun faɗi. Ba su faɗi ba. CEDEAO daban, ƙungiyar kuɗi ta UMOA daban, kuma a cikin ta biyun ake tsara dokokin banki.

Kafin a yi maganar ƙorafi, takardu uku ake nema. Ta farko ita ce takardar shige da ficen kuɗi a asusu, wadda ma'aikatan banki ke kira relevé. Sau ɗaya a wata kyauta ce. Haka ma takardar da ke tara duk kuɗin aikin da banki ya cire maka a shekara guda; mutane kaɗan ne ke tambayarta, alhali ita ce ke nuna ɓarnar a shafi ɗaya. Abin da ake biya shi ne sake buga ta tsofaffin watanni, don haka mai karɓar tasa wata-wata yana adanawa ya hutar da aljihunsa. Ta biyu jadawalin farashin bankin ne, conditions de banque, wanda wajibi ne a liƙa shi inda abokan hulɗa za su gani a cikin reshe. Ka ɗauki hotonsa da waya, ka lura da ranar da ya fara aiki, domin yankan 2022 da farashin 2022 ake auna shi, ba da na bana ba. Ta uku yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar buɗe asusu, da kwangilar bashi in akwai. Galibi a gurguje ake sa hannun, mutum ya fita ba kwafi. Ka koma ka nema.

Kowane layi a relevé yana ɗauke da ranar aiki, da wata rana ta biyu da ake kira date de valeur, da sunan aikin, sannan abin da ya fita ko ya shiga. Ka ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ya fita wanda ba kai ka cire ba. Sunayen a gajarce suke zuwa, da Faransanci: FRAIS, COM, COTIS, AGIOS. Duk wanda ba ka gane ba ka sa a fassara maka a reshe, ka rubuta a gefe.

Babbar madogara ita ce umarnin BCEAO mai lamba 004-06-2014, na ranar 25 ga Yunin 2014, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba na wannan shekarar. Ya lissafa ayyuka 19 da banki ba shi da izinin karɓar ko tamma a kansu. Buɗe asusu na ciki, rufe shi ma na ciki. Littafin ajiya da riƙe asusun ajiya kyauta ne. Mayar da albashi ya riƙa sauka a bankin, gyara suna ko adireshi ko katin shaida a dosiye, kafa umarnin tura kuɗi na kowane wata, duk kyauta. Haka cire kuɗi ko duba abin da ya rage a injin bankinka, biyan kaya da kati a cikin ƙasashen takwas, tura kuɗi daga asusu zuwa asusu a banki ɗaya, shigar da shek na wani bankin yankin, karɓar kuɗin da aka turo maka daga cikin ƙasa ko waje, da saƙon da ke sanar da kai shiga ko fitar kuɗi.

Wurin da ya fi shafar mutanen Damagaram shi ne zuba tsabar kuɗi da cire su. Umarnin ya ce kyauta ne a bankin mutum, kowane gishe ne. Ma'ana ɗan kasuwar da asusunsa ke reshen Damagaram, ya sayar da kaya a Agadas ko Maraɗi ya zuba kuɗin a reshen bankinsa na can, ba a yankar masa komai da sunan nisa. Ma'aikacin da aka mayar Diffa, asusunsa na nan, ya cire a can, shi ma haka. Kafin 2014 ana karɓar kuɗi a kan irin wannan aiki, ana kiransa déplacé. In ka ga kalmar a takardarka da adadi a gabanta, ka kewaye ta da jan biro, ita ce layin farko a wasiƙarka.

Togaciya biyu ce a nan, kuma su ne ke kayar da masu ƙorafi. Kuɗin tambur da ake karɓa wajen zubi na baitulmali ne, banki ɗan aike ne kawai, ba a mayarwa. Ta biyu shek na gishe, wato takardar da ake miƙa wa wanda ya zo ba littafin shek ya cike nan take. Wannan an yarda banki ya sa masa farashi. Ma'aikata da yawa a kansa suke asara kowane ƙarshen wata ba su ankara ba, kuma maganinsa ba wasiƙa ba ce, neman littafin shek ne ko kati.

Riƙe asusun albashi ko na kasuwanci, frais de tenue de compte, ba ya cikin jerin; na ajiya kaɗai aka yafe. Kuɗin kati na shekara ba ya ciki, cire kuɗi a injin wani banki ba ya ciki, tura kuɗi zuwa wani banki ba ya ciki. Haka takardar shaidar babu bashi, attestation de non-engagement, da ake nema in ma'aikaci zai sauya banki. Wasunsu tsadar gaske ce da su, amma tsada ba hujja ba ce. Sai dai a gwada su da jadawali. Jadawali ya ce jika biyu aka cire uku, jika ɗaya taka ce. An cire sau biyu a wata ɗaya, ɗaya naka ne. Kati ya mutu tun bara, ba a ba ka sabo ba, ana ci gaba da cire kuɗinsa, duka naka ne.

Inda gardama ta fi tsawo shi ne ƙunshin ayyuka da ake kira pack, da kuɗin saƙon waya na wata-wata. Banki zai ce ai sanarwar shiga da fita kyauta ce, abin da yake cirewa na wani tsari ne daban da ka yi rajistarsa. Amsa ɗaya ce: a fito da takardar da ka sa wa hannu. In babu, a mayar. In akwai, ka duba nawa ne daga cikin ayyukan ƙunshin kake amfani da su, nawa ne kuma tun asali kyauta suke. A ganinmu, a naɗe wa mutum abin da doka ta ba shi kyauta a sayar masa wayo ne, amma sa hannu ya riga ya ɗaure shi. Abin da aka fi samu a nan shi ne a rubuta takardar fita, a tsayar da yankan daga yau.

Kuɗin da ɗan'uwa ya turo daga Faransa ko Beljiyam yana da sauƙin bi, domin canjin yuro ba ya motsi: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ƙasa kaɗan da 656. Yuro 500 sun kama sefa 327,978. In abin da ya sauka ya gaza, ka nemi kwafin saƙon SWIFT, wato saƙon da bankuna ke aika wa juna in an turo kuɗi daga waje. Shi zai nuna ko bankin mai turawa ne ko na tsakiya ya ɗebi nasa a hanya, wanda ba laifin bankinka ba ne, ko kuwa kuɗin ya iso cikakke a nan aka rage shi.

Sai agios, wanda ya fi kowane layi cin albashi. Kuɗin ruwa ne da kwamisho da ake ɗora wa asusun da ya yi giɓi, wato aka ci fiye da abin da ke ciki. Lissafin ruwan kansa ba shi da wuya. A ɗauka asusu ya yi giɓin sefa 100,000 na kwana goma, ruwan da jadawali ya sa kashi 12 cikin ɗari a shekara. 100,000 sau 12 sau 10, a raba da 36,000, ya ba da sefa 333. In takarda ta nuna agios na jika shida, to sama da jika biyar da rabi ba ruwa ba ne, kwamisho ne da haraji, kuma kana da damar a warware maka su ɗaya bayan ɗaya. Takardar da ke yin wannan aiki ita ce échelle d'intérêts, mai nuna giɓin kowace rana da abin da aka ɗora masa. Ba a miƙa ta sai an tambaya da sunanta.

A nan ne rana ta biyun nan take cizo. Banki ba ya lissafin ruwa da ranar da ka tsaya a gishe, da date de valeur yake yi. Ka zuba tsabar kuɗi ranar Alhamis, wanda ka ba shek ya cire ranar Juma'a, amma aka rubuta zubinka da ranar Litinin. A idonka asusu bai taɓa yin giɓi ba. A lissafin kwamfuta ya yi na kwana uku, kuma za a ɗora ruwa. Bisa ƙa'idar BCEAO, tsabar kuɗin da aka zuba a gishe a ranar ake lissafa shi, kuma ɗan rasit ɗin nan da ake cusawa a aljihu a manta shi ne hujjar. Abin lura na biyu, yanka yana haihuwa. Asusu na da sefa 1,500, aka cire jika biyu na ƙunshin da ba ka nema ba, ya yi giɓi, agios ya hau, wani umarnin biya ya zo bai tarar da kuɗi ba, aka ƙara kuɗin mayar da shi. In za ka nema, ka nemi na farkon da duk abin da ya biyo bayansa.

Masu bashi kuma adadi ɗaya za su nema a kwangila, TEG. Shi ne ainihin tsadar bashi a shekara in an haɗa ruwa da kuɗin dosiye da inshora da duk kwamishon da aka wajabta, ban da haraji. Doka ta ce a rubuta shi, kuma ta yi masa iyaka. Daga 1 ga Janairun 2014 majalisar ministocin UMOA ta sa iyakar a kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga cibiyoyin ba da ƙananan rance. Majalisar ce ke da ikon sauya adadin, don haka wanda ke aiki ranar da aka sa hannu shi ake bi. A ɗauka bashin miliyan ɗaya na wata 12, ruwa kashi 10. A baki ya yi nisa da iyaka. Biyan wata ya kama kusan sefa 87,900. Amma an cire jika ashirin na dosiye da jika goma na inshora tun kafin kuɗin su taɓa hannu, abin da mutum ya karɓa 970,000 ne. In aka sake lissafi a kan abin da ya karɓa da gaske, TEG ya kusa kashi 16. Wannan bashin da waɗannan kuɗaɗen, da a wata 36 aka shimfiɗa shi, da TEG bai wuce kashi 12 da ɗan ɗoriya ba. Shi ya sa gajerun basussuka, irin na ragon layya da na komawar yara makaranta, su suka fi cancanta a zauna a duba.

Abin da aka karɓa fiye da iyaka, doka ta ce a rage shi daga ruwan da ake bin mutum, sannan daga uwar kuɗi. In an riga an gama biya, a mayar masa da shi. Lissafin TEG ba na ka ba ne. Akanta, ko ɗalibin tattalin arziki, zai fitar da shi a kwamfuta in an ba shi jadawalin biya da adadin da ya shiga asusu ranar farko.

Inshorar nan da ake yanka kuwa ba ado ba ce, yawancinta ta mutuwa ce da nakasa. In mai bashi ya rasu, kafin magada su yarda a taɓa abin da ya bari a asusu, su nemi kwafin takardar inshorar, su kai shaidar mutuwa cikin wa'adin da aka rubuta a ciki, domin kamfanin inshora ne ya kamata ya biya ragowar gwargwadon sharuɗɗan. Iyalai kan yi asarar wannan saboda jimami da kunyar maganar kuɗi a kwanakin zaman makoki, har wa'adi ya wuce.

Injin da ya yanki kuɗi bai fitar ba matsala ce ta daban, kuma a garin da wuta da rezo ke ɗaukewa ba baƙuwa ba ce. Kada ka yi ta sake gwadawa, kowane gwaji na iya zama sabon yanka. Ka rubuta rana da awa da minti, da wurin injin, da adadin, ka riƙe tikitin in ya fito, da saƙon wayar. Wani lokaci kuɗin kan dawo da kansa. In bai dawo ba, bankin da ya ba ka kati ake kai wa ƙorafi, ko da injin na wani banki ne. Su za su bi ta GIM-UEMOA, cibiyar da ke haɗa injunan bankunan yankin. Abin da ke raba gardama shi ne rajistar cikin injin da ƙirgar kuɗin da suka rage a akwatinsa, shi ya sa awa da minti ke da amfani. Lambar sirri ba a rubuta ta a kowace takarda, kuma ba ma'aikacin da ke da hurumin tambayarta.

Babu abin da ke jawo asara kamar fushi. Mutum ya ji haushi, ya kwashe kuɗinsa, ya buɗe asusu a wani banki, ya bar tsohon a buɗe. Kuɗin riƙe asusu bai san ka yi fushi ba. Wata-wata yana sauka, asusu ya yi giɓi, agios ya hau, bayan shekara uku mutum ya je neman bashi a sabon bankinsa a ce sunansa ya fito a ofishin bayanan masu bashi, BIC. Rufe asusu kyauta ne, amma sai an rubuta, an mayar da kati da ragowar shek, an karɓi takardar shaidar rufewa. Wanda ya riga ya faɗa cikin wannan, in yana riƙe da takardar neman rufewa mai hatimi kuma babu bashi a kansa a lokacin, yana da hujjar ƙin duk abin da aka ɗora bayan ranar. In ba shi da ita, sai sulhu: a nemi banki ya yafe wani kaso, a biya sauran, a rufe a rubuce.

Yanzu wasiƙa. Ko da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, takardun banki da Faransanci suke tafiya, kuma wanda zai yanke hukunci a kan dosiyenka galibi yana hedikwata a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, bai san fuskarka ba. Don haka a rubuta da Faransanci, a taƙaice, shafi ɗaya in zai yiwu. Wanda ba ya iyawa ya sa ɗansa ko mai rubuta wasiƙa, amma a fassara masa kafin ya sa hannu. A sama suna kamar yadda yake a asusu, lambar asusu, lambar waya, da kalmar Réclamation a fili, don kada a ɗauke ta takardar neman alfarma. Sannan kowane yanka a layinsa: rana, sunan da ya fito da shi a relevé, adadi, da dalili a jimla ɗaya. Misali: 14 ga Maris, cire kuɗi a reshen Agadas, sefa 2,500, ya saɓa wa umarni 004-06-2014. A ƙasa jimilla, da abin da kake so: a juya yankan, abin da suke kira extourne, da ranar da aka yi shi tun asali, tare da harajin da aka lissafa a kansa da duk agios da ya jawo. Batun ranar nan ba ƙarami ba ne. In aka mayar da kuɗin da ranar yau, giɓin da ya haddasa a watannin baya yana nan daram a lissafi. Ba zagi, ba barazana, ba tarihin shekarun da ka yi da bankin. Hujjoji kwafi ake haɗawa, na asali su kwana a gida.

Kwafi biyu ake kaiwa. Ɗaya a bari, ɗaya a buga mata hatimi, a rubuta ranar karɓa, mai karɓa ya sa hannu, ka koma da ita. A nan da yawa suke faɗuwa, musamman masu ɗan'uwa ko maƙwabci a reshen. "Alhaji, bar mini, zan duba maka." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ba lalle yana da ikon juya ko dala ba, kuma maganarsa ba ta shiga rajistar ƙorafi. Wata uku ana jeka-ka-dawo, kunya ta hana a matsa. Ka gaishe shi, ka yi godiya, ka kai takardarka inda ake buga hatimi, ka tambayi lambar da aka ba ta. Faɗa da mai gishe shi ma ɓata lokaci ne, ba shi ya saita kwamfutar ba. In an ƙi karɓa, a aika ta gidan waya da shaidar isarwa, ko ta hannun huissier, ma'aikacin shari'a mai isar da takardu a hukumance.

Dalilin nacewa a kan hatimi shi ne sanarwar Commission Bancaire mai lamba 002-2020/CB/C ta Satumbar 2020. Ta wajabta wa kowane banki ya kafa tsarin karɓar ƙorafi, ya ba da shaidar karɓa, ya amsa cikin wata ɗaya daga ranar da takarda ta shiga hannunsa. In ba hatimi, ba ranar da za a fara ƙirga daga gare ta.

Kai ma akwai wa'adi a kanka. Yarjejeniyar asusu kan ƙunshi sharaɗin cewa in relevé ta fito ka yi shiru na wani ɗan lokaci, an ɗauka ka amince da abin da ke ciki. Da shi banki zai fara kafa hujja. Shirun yana raunana ƙorafi, amma bai halatta abin da doka ta hana ba. Iyakar da ba ta da magani ita ce ta dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka wadda Nijar ke ciki: shekara biyar, har tsakanin ɗan kasuwa da wanda ba ɗan kasuwa ba. Abin da ya haura haka a haƙura da shi.

Wani lokaci amsar takan zo da tayin a mayar da rabi, a kira shi geste commercial, wato alheri ne ba amsa laifi ba. A kan yankan da ke da gardama, irin na ƙunshi, karɓa ba aibu ba ne. A kan abin da ke cikin jerin 19 kuwa babu dalilin karɓar rabi. Kuma a karanta abin da za a sa wa hannu, domin wata takardar tana cewa ka yafe duk sauran.

In wata ya cika shiru, ko amsar ba ta gamsar ba, sai a ɗaga maganar zuwa sakatariyar Commission Bancaire a Abijan. Adireshinta na shafin intanet na BCEAO. A haɗa kwafin wasiƙar farko mai hatimi, amsar banki in akwai, relevé, da katin shaida. Ba ta sauraron wanda bai fara bi ta bankinsa ba, kuma ba ta shiga maganar da ke gaban kotu. Taura biyu ba ta taunuwa. Ita ba kotu ba ce, amma tana da ikon hukunta banki, kuma tambayar da ta fito daga wurinta ba a wasa da ita. Reshen BCEAO da ke nan Damagaram ba ya riƙe asusun jama'a, ba shi zai miƙa maka kuɗinka ba. A Yamai kuma akwai hukumar lura da ingancin ayyukan kuɗi, OQSF, ga mai neman a shiga tsakani a cikin gida.

Jerin 19 ɗin na bankuna ne. Cibiyoyin ƙananan rance, da kamfanonin aika kuɗi, da kuɗin waya, ana auna su ne da farashin da suka liƙa da rasit ɗin da suka ba ka. Mai sa ido kan cibiyoyin ƙananan rance a Nijar shi ne ARSM.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma sai an yi lissafi, domin kuɗin huissier da lauya da zirga-zirga sun fi jika ashirin ɗin da ake bi. Ga TEG da ya ƙetare iyaka a bashin miliyoyi, ko inshorar mamaci da aka ƙi biya, ta cancanta. Damagaram na da babbar kotu da ta ɗaukaka ƙara, sai dai a duba kwangila tukuna, wata kan ambaci kotun da za a je. Ga ƙananan yanka kuwa yawa ya fi aiki. In abu ɗaya ya shafi malamai hamsin da albashinsu ke sauka a banki ɗaya, kowa ya kai tasa wasiƙar da lambar asusunsa, ƙungiyarsu ta rufa da tata.

Ranar da aka ce an mayar, kada a tsaya ga saƙon waya. A karɓi relevé ta watan, a nemi layin extourne, a gwada adadinsa da jimillar wasiƙa, a duba ko harajin ya dawo, da ranar da aka rubuta masa. Sannan a duba ta wata mai zuwa. Yakan faru a mayar da kuɗin baya amma ba a kashe tsarin da ke yankan a kwamfuta ba, sai ya sake fitowa a ƙarshen wata da sunansa da adadinsa. In haka ta faru, sabuwar wasiƙar layi biyu ce: lambar ƙorafin farko, da neman a soke tsarin daga asusunka gaba ɗaya.